Sabuwar Filasta Bisa Bango Mai Fenti

Darasi domin dattawan ekklesiya da masu gida

Ga damina ta wuce, an shigo da amfanin gona. Yanzu ne dattawan ekklesiya su kan zauna su duba abin da ruwan sama ya yi wa ɗakin sujada, da gidan pasto, da ɗakunan makaranta. Masu gida kuma haka. Sau da yawa abin da ido ya ke fara gani shi ne bangon waje. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, filasta ta tsattsage, gindin bango ya yi baƙi. Sai wani ya ce, "Mu kira magini ya sake yi masa filasta, mu shafa sabon fenti, shi ke nan." Kowa ya ce to.

Mu ma mun taɓa faɗin haka. A wata ekklesiya inda muka yi aiki, 'yan'uwa suka tara kuɗi bayan kaka domin gyaran ɗakin sujada. Waɗansu suka sayar da gyaɗa, waɗansu dawa. Zumuntar mata suka ɗebo ruwa, samari suka kwaso yashi daga rafi. Bangon kuwa yana da tsohon fentin mai, shuɗi. Magini ya zo, ya ɗan sassare shi nan da can, ya ɗora sabuwar filasta a kai. Cikin kwana uku ya gama. Aikin ya yi kyaun gani, muka yi murna.

A damina ta biyu aka yi hadari da dare daga gabas. Da gari ya waye muka tarar filasta ta faɗo daga bangon gabas, faɗinta ya fi ƙofa biyu. Wurin nan ne yara su kan zauna a inuwa da yamma suna koyon karatu. Da muka juya gutsattsarin, sai muka ga tsohon shuɗin fentin nan manne a bayansu. Ashe filastarmu ba ta taɓa kama bango ba. Fenti ta kama, fentin kuwa ya sake ta.

Ba mu ɗora wa magini laifin duka ba, gama mu ne muka rage masa kuɗi, mu ne kuma muka hanzarta shi. Abin da muka koya da tsada shi ne mu ke so mu ba masu karatu a wannan darasi. Ga kan maganar: sabuwar filasta ba ta iya ƙarfi fiye da abin da ke ƙarƙashinta. Domin wannan, yawancin aikin yana cikin shirya bango tun ba a buɗe buhun siminti ba.

1. Yadda filasta ta ke kama bango

Bari mu fara fahimtar abin da ke riƙe da filasta. Simintin da mu ke aiki da shi, wani magini ne mai suna Joseph Aspdin, mutumin Leeds a Ingila, ya karɓi takardar mallakar irinsa na fari a 1824. Siminti ba kamar laka ya ke ba, wadda ta kan taurare sabo da ta bushe. Shi yana taurare ne sabo da ya haɗu da ruwa. Muddin akwai danshi a cikinsa yana ƙara ƙarfi, ya kan kai yawancin ƙarfinsa cikin kwana 28.

Hanya biyu filasta ta ke kama bango. Ta fari, jikin bulo yana da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani sosai. Sa'ad da aka shafa ɗanyen kwaɓi, bulo ya kan tsotsi ruwan siminti cikin ramukan nan, ya taurare a ciki kamar saiwa cikin ƙasa. Ta biyu, kaushin bango ya kan ba filasta wurin maƙalewa. In babu tsotsa, babu kaushi, to, babu kamu.

Mu lura kuma da nauyin abin. Filasta mai kaurin milimita 15 tana da nauyin kimanin kilo 30 a kowane murabba'in mita. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ɗauki kilo 900 ke nan, watau nauyin buhun siminti 18. Dukan nauyin nan yana rataye a jikin bango, dare da rana, bisa kan mu da 'ya'yanmu.

2. Abin da fenti ya ke yi

An yi fenti domin ya toshe ramukan nan, ya hana bango shan ruwa, ya sa shi santsi. Watau abu biyun nan da filasta ta ke bukata, su ne fenti ya ke kawarwa. In aka ɗora filasta bisa fenti, nauyin buhu 18 ɗin nan zai rataya ga wata 'yar fata wadda kaurinta bai fi na takarda ba.

Har wa yau, filasta ta kan ɗan tsuke sa'ad da ta ke taurare, tana jan abin da ke ƙarƙashinta. Rana ta buga ta ta buɗe, sanyin dare ya sa ta koma. Kowace rana haka. A hankali fentin ya kan rabu da bango, ƙaramar tsaga ta buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama ma haka ne. Ya shiga ta tsagar, ya gangara tsakanin filasta da fenti, ba shi da hanyar fita. A ƙasarmu yawancin hadari daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya kan riga sauran lalacewa.

Fenti iri iri ne. Fentin mai, mai ƙyalli, shi ne ya fi hana kamu. Fentin ruwa ya fi sauƙin cirewa, amma in ya tsufa ya kan zama gari. Farar ƙasa wadda aka yi ta shafawa shekara da shekaru ta kan zama ɓawo bisa ɓawo, ba ta riƙe kome. Akwai kuma fenti mai kauri mai tsakuwa-tsakuwa, wanda masu fenti su ke kira Texcote. Kaushinsa ya kan ruɗi mutum ya ce filasta za ta kama. Za ta kama shi, gaskiya ne, amma shi ma fata ce kawai a jikin bango.

3. Mu fara neman abin da ya ɓata bangon

Likita ba ya ɗaure gyambo sai ya wanke shi. Kafin mu yi maganar filasta, sai mu zaga ginin mu tambayi kanmu, me ya kawo wannan ɓarna?

Mu dubi sama. Ko bakin kwano ya yi gajarta, ruwa yana zuba a jikin bango? Ko indararo ya karye, ko ya toshe? Mu dubi ƙasa. Ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ciki tudu? Ko ruwa yana kwanciya a gindin bango bayan an ɗauke ruwan sama? In mun ga fenti ya kumbura daga ƙasa har zuwa gwiwa ko ƙugu, da farin gari kamar kanwa a kai, danshi ne ya ke hawa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri. Sai a kwashe ƙasar da ta taru, a yi wa ruwa hanya, a yi dakali mai gangara zuwa waje.

Mu dubi tsaga kuma. Ƙananan tsaga masu kama da saƙar gizo, na filasta ne kaɗai. Amma tsaga mai faɗi, wadda ta ratsa bango har ana ganinta daga ciki, ko wadda ta ke hawa kamar matakala tana bin layin bulo, wannan tana nuna harsashi yana motsi. Filasta ba ta maganinta. A nemi wanda ya san aikin gini sosai ya duba tukuna. In ba a kawar da sanadin ba, sabuwar filasta za ta bi sawun tsohuwa.

4. Gwaji huɗu wanda kowa zai iya yi

Ba sai magini ba. Dattawa biyu ko uku za su iya yin waɗannan da safe ɗaya.

Na ɗaya, ƙwanƙwasawa. A ɗauki ƙaramar guduma, ko babban mabuɗi, a bi bango ana ƙwanƙwasa shi taki taki. Inda tsohuwar filasta ta kama, ƙarar ta kan fito a ƙanƙame. Inda ta rabu da bulo, sai a ji kamar ana buga ƙwarya. A zana wurin da gawayi.

Na biyu, karcewa. A kankare fenti kaɗan, a karci tsohuwar filasta da ƙusa. In ƙusa ta bar ɗan zane kawai, filastar tana da ƙarfi. In yashi ya zubo kamar gari, ta mutu.

Na uku, yayyafa ruwa. A watsa ruwa da hannu. In wurin ya yi duhu ya sha ruwan, sabon kwaɓi zai sami wurin kamu. In ruwan ya gangara kamar bisa ganyen gwaza, bangon a toshe ya ke.

Na huɗu, gwada fentin. A shafa tafin hannu a bango. In hannu ya yi fari, fentin ya zama gari. Sa'an nan a yi zane-zane da reza, a gicciye, a manna salatif a kai, a fizge. In fenti ya biyo salatif, ba shi da sauran riƙo.

Bayan gwajin nan za mu san irin aikin da ke gabanmu. Wani lokaci ma za mu tarar ba a bukatar sabuwar filasta sam. In tsohuwar tana da ƙarfi, fenti ne kaɗai ya lalace, sai a kankare shi, a cike ƙananan tsaga, a sake shafa fenti. Kuɗi ya huta.

5. Hanyoyi uku

Hanya ta fari, a fasa tsohuwar filasta duka har a ga bulo. Wannan ita ce hanya in wuraren da muka zana da gawayi sun yi yawa, ko in ƙusa ta nuna filastar ta mutu. Aiki ne mai wuya, amma ba ya bukatar gwaninta. Samarin ekklesiya za su iya yinsa da guduma da cizal, su rage kuɗin lebura. Ita ce kuwa hanyar da ta fi tabbata, gama tana mai da bango kamar sabo.

Hanya ta biyu, in tsohuwar filasta tana da ƙarfi, sai a cire fentin a bar ta. A jiƙa bango, a kankare da ƙarfe mai faɗin baki, a goge da buroshin waya, sa'an nan a sassare fuskar bangon duka domin ta yi kaushi. A nan ne mu muka yi kuskure. Sara ɗaya nan, ɗaya can, tazarar tafin hannu, bai isa ba, gama yawancin bangon yana nan da fentinsa. Sai a ci gaba har launin siminti ya rinjayi launin fenti ko'ina, ɗan abin da ya rage ya zama ɗigo ɗigo. A sake yayyafa ruwa a gani ko bango yana sha. Sa'an nan a wanke ƙura sarai, gama ƙura ma tana hana kamu kamar fenti.

Hanya ta uku, in fentin ya ƙi fita, sai a ba filasta wani abin riƙo dabam. A shimfiɗa ragar waya a jikin bango, irin wadda aka yi domin kada ta yi tsatsa. A kafa ta da ƙusoshin kankare masu faɗin kai, kamar kowane santimita 30, su ratsa tsohuwar filasta su shiga cikin bulo sosai. Inda raga biyu suka haɗu, ɗaya ta hau bisa ɗaya kamar santimita 10. Ta haka ƙusa da raga ne su ke ɗauke da nauyin. Amma a kula. Raga mai araha ta kan yi tsatsa a cikin filasta, tsatsa kuwa ta kan kumbura ta fasa filastar daga ciki. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, ai akwai gam da a ke zubawa cikin kwaɓi domin ya kama. Akwai. Amma mu bambanta. Farin gam irin na kafinta, wanda a ke rubuta PVA a jikin robarsa, ba na waje ba ne, gama in danshi ya daɗe a kansa ya kan yi laushi ya saki. Wanda ya dace da bangon waje shi ne mai kama da madara, wanda a ke rubuta SBR a jikinsa. A kan gauraya shi da siminti bisa ga ma'aunin da aka rubuta a jarkar. Yana taimako ƙwarai bisa bangon da aka kankare. Amma ko shi, in aka shafa shi bisa fentin da ke ɓarewa, fentin zai kama, fentin kuma ya faɗo da shi.

Kowace hanya aka zaɓa, ga shawara mai sauƙi. A fara yin murabba'in mita ɗaya a wani gefe, a yi ta ba shi ruwa kwana 7, sa'an nan a ƙwanƙwasa, a gwada ɓamɓare shi da cizal. In ya fito falle guda, bayansa sumul, shirin bai isa ba. Gara a yi hasarar kwano ɗaya na siminti da a yi hasarar buhu 20.

6. Gargaɗi game da tsohon fenti

'Yan'uwa, wannan sashi ya fi sauran nauyi. Tsohon fentin mai, musamman mai launin rawaya ko ja ko kore, sau da yawa yana da dalma a ciki. Amurka ta hana sa dalma cikin fentin gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da yawa an daɗe bayan haka ana sayar da irinsa. Ido ba ya iya bambanta mai dalma da marar dalma.

Mun san abin da ƙurar dalma ta ke yi. A 2010, a waɗansu ƙauyukan Jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka mutu sabo da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce. Kaɗan ma ta kan taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimi har iyakar ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani ma'auni na dalma a jikin mutum wanda ba shi da lahani ba.

Domin wannan, kada a goge tsohon fenti a bushe da sanfefa ko da inji. Kada a ƙone shi da wuta. A jiƙa bango kafin a kankare. A shimfiɗa leda ko tsofaffin buhuna a gindin bango domin su tare ɓawon, a tattara shi a ɗaure, kada a zubar inda yara su ke wasa, ko kusa da rijiya, ko cikin lambu. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin har a gama a share. Masu aiki su rufe hanci da baki, su wanke hannu da fuska kafin su ci abinci, su tuɓe kayan aiki kafin su ɗauki yaro.

Siminti kuma yana cin fata. Mai kwaɓi ya sa safar hannu da takalmin roba. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, sa'an nan a tafi asibiti.

7. Kwaɓi da shafi

Mu fara da yashi. Ya zama mai tsabta, ba laka, ba ciyawa. Ga yadda a ke gwada shi. A zuba yashi cikin kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye har gobe. Laka za ta kwanta a bisa. In kaurinta ya kai kashi 1 cikin 10 na tsayin yashin, a wanke shi ko a nemi wani. Yashi mai laka ya kan sa filasta ta tsattsage.

A auna da kwanon sarki, kada a auna da cebur. Buhun siminti mai kilo 50 ya kan cika kwanon sarki kamar 2. Aikin yana da hawa uku.

Hawa na fari shi ne watsi. A kwaɓa siminti 1 da yashi mai kaushi 2, ruwa-ruwa kamar kunu mai kauri. A jiƙa bango ya yi danshi, amma kada ruwa ya riƙa gangara. A watsa kwaɓin da ƙarfi da cokalin gini har ya rufe bango, a bar shi da kaushinsa, kada a shafe. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana 2 ko 3. Wannan shi ne haƙorin da zai riƙe sauran.

Hawa na biyu shi ne jikin filasta. Siminti 1, yashi 4, watau kwano 8 na yashi ga buhu ɗaya. Kaurinsa milimita 10 zuwa 12, kamar rabin inci. A danna shi sosai, a daidaita da miƙaƙƙen katako. Kafin ya taurare a karce fuskarsa da ƙusa ko tsinke, a kwance. Buhu ɗaya a wannan ma'auni ya kan rufe kamar murabba'in mita 10. Da wannan dattawa za su iya duba lissafin magini.

Hawa na uku shi ne na gamawa, bayan kwana kaɗan. Siminti 1, yashi mai laushi 5 ko 6, kaurin milimita 5 zuwa 8. A goge da katako, kada a goge da ƙarfe har ya yi ƙyalli, gama wannan ya kan jawo ruwan siminti waje ya tsattsage.

Ga ƙa'idar da ke ƙarƙashin lissafin nan: kowane hawa ya fi wanda ke bisansa ƙarfi da kauri, ban da watsi wanda ba shi da kauri. Waɗansu suna tsammani yawan siminti shi ne kyaun aiki. Ba haka ba ne. Kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa, in kuwa ya fi bulon da ke ƙarƙashinsa ƙarfi, sai ya ja fuskar bulon ya ɓalle da ita. Kuma kada a kwaɓa fiye da abin da za a shafa cikin awa ɗaya. Wanda ya fara taurare, kada a ƙara masa ruwa a ce a farfaɗo da shi. A zubar.

8. Lokacin aiki da ban ruwa

Tsakiyar damina bango yana jiƙe, ruwan sama kuma ya kan wanke ɗanyar filasta. Iskar hunturu da zafin bazara su kuma su kan shanye ruwan kwaɓi kafin siminti ya gama aikinsa. Filastar da ta bushe da sauri ta kan yi fari, ta yi gari in an shafa hannu. Lokaci mai kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da bango ya sha iska, hunturu kuwa bai kankama ba.

In tilas ne a yi a wani lokaci, sai a bi inuwa. A yi bangon yamma da safe, bangon gabas da yamma. A rataya jiƙaƙƙun buhuna ko tabarmi su tare iska. Sa'an nan a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, har kwana 7 a ƙalla. Kada a bar wannan ga "wani zai yi." A rubuta sunan wanda zai ba da ruwa kowace rana.

Kada a yi gaggawar fenti. A jira mako 4 a ƙalla, bango ya bushe sarai. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, ya kan narkar da fentin mai ya zama kamar sabulu. A bangon waje fentin ruwa mai kyau ya fi, gama yana barin danshi ya fita. Sauri ya haifi nawa.

9. In ginin ƙasa ne

Ɗakunan sujada da gidaje da yawa a ƙauye na tubali ne ko bulon ƙasa, an yi musu filastar siminti daga baya, aka shafa fenti. A nan sai a ƙara kula. Ƙasa ta kan kumbura da danshi ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya binta. Ruwan da ya shiga bayan filasta ya kan narkar da bangon a ɓoye, gara kuma ta sami hanya. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami. In aka ƙara wata filasta bisa wannan, an ƙara wa marar lafiya kaya ne.

Kakanninmu sun san abin da ya dace da ginin ƙasa. Su kan yi yaɓe da ƙasa irin ta bangon, su gama da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Inda ruwa ya fi duka su kan sa laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Irin wannan yaɓe yana bukatar sabuntawa lokaci lokaci, amma yana tafiya tare da bango, yana barinsa ya sha iska. In akwai tsohon magini a garinku wanda ya san aikin nan, ku nemi shawararsa. In kuwa lalle siminti a ke so, a cire tsohuwar filasta, a cike ramuka da ƙasa, a bar ta ta bushe, a kafa raga, a yi kwaɓi marar ƙarfi, a kuma tabbata bakin kwano ya fito sosai yana kāre bango.

10. Magana da magini

Yawancin magina sun san abin da muka faɗa. Abin da ya kan sa su tsallake shi ne ciniki. In mun yi jinga bisa shafi kaɗai, muka matse kuɗin, kankara da watsi da ban ruwa za su zama hasara gare shi. Ya kamata mu raba jingar biyu, kuɗin shirya bango dabam, kuɗin filasta dabam. Kada a fara shafi sai dattawa sun zo sun yayyafa ruwa sun ga bango yana sha. Mu biya shi hakkinsa cikakke a kan kari. In kuɗi bai isa bango huɗu ba, a yi bangon gabas bana, a yi shi da kyau, sauran su jira baɗi.

Haka muka yi a ekklesiyar nan daga baya. Samari suka yi Asabar uku suna fasa filasta, sabuwa da tsohuwa, har bulo. Muka ƙara tsawon bakin kwano, muka yi dakali. Kuɗin da muka kashe sau biyu da ya isa ya yi wa ɗakin makaranta rufi. Har muka bar wurin bangon nan bai tsage ba, yara kuma suka koma inuwarsu.

Tambayoyi domin taron dattawa

1. Ta hanya biyu wace filasta ta ke kama bango? Me fenti ya ke yi wa kowace ɗaya?

2. Ku zaga ɗakin sujadarku da guduma da gawayi. Wane bango ne ya fi ƙarar ƙwarya? Daga ina ruwa ya ke samunsa?

3. Cikin hanyoyi ukun nan, wace ce ta dace da bangonku? Don me?

4. Ina za ku kai ɓawon tsohon fenti? Wa zai hana yara zuwa wurin aiki?

5. Wa zai ba filasta ruwa kowace rana ta kwana 7 ɗin nan? Ku rubuta sunayensu kafin a sayi siminti.